Masu zana tambari, ina kuka kai lanƙwasar haruffanmu?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai albarka in yi magana da ƴan uwana masu zane a kwamfuta. Ni ma sana'ata ke nan, ina buga katin gayyata da kalanda da kyallen talla a Zariya.

Tun da Google ya sauya tambarinsa a 2015, ya koma haruffa masu santsi marasa ado, kowa ya bi sahu. Yau duk yaron da ya iya manhajar zane ta Canva ko CorelDraw haruffa sirara yake nema, da fili fari fat. Ban ƙi ba, abin yana da tsabta, kuma yana fitowa sosai a fuskar waya. Matsalar ita ce yawancin waɗannan salon haruffa na yayi an ƙera su ne don harsunan Turai, ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Idan ka rubuta su, ko dai akwati ya fito, ko kwamfuta ta aro harafin daga wani salo dabam, sai ka ga ƙ ɗaya ta yi kauri a tsakiyar kalma kamar baƙuwa a gidan biki. Mai zane kuma, don kada aikinsa ya yi muni, sai ya cire lanƙwasar gaba ɗaya ya miƙa wa mai aiki.

Kwanan baya wata makarantar Islamiyya ta kawo min tambarinta in buga mata a takardun shaida. Kalmar ƙasa an rubuta ta da k. Da na nuna wa shugaban makarantar, sai ya ce ai wanda ya zana ya gaya masa wai kwamfuta ba ta da harafin. Ranka ya daɗe, wannan zance ba gaskiya ba ne. Haruffan nan suna cikin Unicode, wato tsarin da kwamfuta ke gane haruffan harsunan duniya da shi, tun da daɗewa. Salon haruffa irin su Noto na Google da Charis da Andika na SIL, ƙungiyar nazarin harsuna, duk suna ɗauke da su, kuma kyauta ake sauke su. Allon rubutu na Gboard ma yana da Hausa. Har ajami an yi masa salo mai suna Alkalami, wanda aka kwaikwayo daga rubutun hannu irin na Kano.

Abin da ke ba ni haushi, a nan garin aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, lokacin da ake jera harafin dalma ɗaya bayan ɗaya da hannu. Mu da ke latsa maɓalli kawai ba mu da uzuri.

Shawarata ga abokan sana'a: kafin ka zaɓi salo, fara rubuta haruffan nan huɗu, manya da ƙanana, ka gani ko za su fito. Masu ba da aiki kuma su duba kafin su biya. Ku ma, Edita, don Allah a leƙa kanun labaran shafinku na intanet, domin a kanu lanƙwasar ta fi ɓacewa.

Naka,
Mai shagon ɗab'i, Sabon Gari, Zariya