Dokar ta-ɓaci kan abinci: ina aka kwana?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan yadda gwamnati ke ayyana dokar ta-ɓaci a lokacin bala'i, ba tare da talaka ya ga canji a tukunyarsa ba.

A watan Yulin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ƙarancin abinci, makonni kaɗan bayan cire tallafin man fetur, aka kuma yi alkawarin raba taki da hatsi ga manoma da magidanta. Amma zuwa watan Yunin 2024, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, yayin da manoma da dama a Zamfara da Katsina suka ƙaurace wa gonakinsu saboda 'yan bindiga.

Sashe na 305 na kundin tsarin mulki ya tanadi cewa dokar ta-ɓaci sai da amincewar Majalisar Tarayya, kuma wa'adinta wata shida ne sai an sabunta. Ta abinci kuwa sanarwa ce kawai, babu wa'adi, babu wanda doka ta tilasta wa ya yi bayani, kuma a ganina nan gizo ke saƙar.

Ina kira ga wakilanku su binciko buhu nawa aka raba, a waɗanne ƙananan hukumomi, kuma hannun wa suka shiga.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Kano