Kafin ka biya kuɗin jif ɗin nan, ɗana

Tudun Wada, Kaduna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na ga hotunan motocin nan biyu da ka turo wa ƙanenka ya nuna mini, wato Prado ta 2005 da aka yi amfani da ita a nan gida, da 4Runner ta 2006 da dillalin ya ce daga Amurka ta zo. Niyyarka mai kyau ce. Wanda zai riƙa shiga gona a yankin Kachiya da damina yana ɗauko citta ba zai yi ta da ƙaramar mota ba. Amma ka ce mutumin yana matsa maka ka tura kafin alƙalami kafin Juma'a, wai akwai wani mai so. Kada ka tura ko sisi. Wannan magana ce da ake yi don a hana mai saye natsuwa, kuma ba a cinikin biri a sama. Ka zo Kaduna da ƙafarka, ka zo da lokaci.

Abin da nake so ka fara ganewa shi ne, mota mai jan ƙafa huɗu ba a sayenta daga sama. Fenti da kujerun fata da sanyin na'ura duk ana iya gyara su da kuɗi kaɗan a burge mai kallo. Abin da ka zo saya yana ƙasa: shasi, da akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya, da farfela biyu, wato dogayen sandunan da ke kai ƙarfi daga akwatin zuwa gaba da baya, da aksul biyu. Kayan ƙasanta sun kusan ninka na ƙaramar mota, kuma kowanne idan ya lalace kuɗinsa ba na wasa ba ne. Saboda haka sharaɗinka na farko ga mai motar shi ne a kai ta gareji mai rami, ka shiga ƙarƙashinta da tocila kai da bakanikenka. Bakanikenka na ce, wanda kai za ka biya kuɗin yininsa, ba wanda dillali zai kira maka ba. Idan mai mota ya ƙi a hau da ita rami, ka yi masa sallama cikin mutunci ka tafi.

A ƙasan, fara da shasi, musamman ita ta Amurkan. A jihohin arewacin Amurka da Kanada ana zuba gishiri a titi lokacin hunturu don ƙanƙara ta narke, gishirin nan kuma yana cin ƙarfe daga ciki. Ba ƙaramin abu ba ne: a 2008 kamfanin Toyota, mai ƙera motocin nan biyu, da kansa ya riƙa saye motocin Tacoma na 1995 zuwa 2000 daga hannun masu su saboda shasinsu ya ruɓe. Jan tsatsa na sama-sama wanda ake kankarewa a ga lafiyayyen ƙarfe ba ya ba ni tsoro. Wanda ke ba ni tsoro shi ne mai kumbura yana ɓarewa falle-falle. Ka riƙe ƙaramar guduma ka bi shasin kana ƙwanƙwasawa, daga gaba har baya, ka fi tsayawa kusa da ƙafafun baya da wurin da safaya take rataye da inda sifirin ke kama jiki. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, wani lokaci har gudumar ta nutse. In ka ga an shafe ƙasan da sabon baƙin fenti mai kauri alhali motar ta kusan shekara ashirin, ka tambayi kanka me ake rufewa. Haka in ka ga walda a jikin shasi, ko gefe ɗaya ya lanƙwashe ba kamar ɗan'uwansa ba, motar ta taɓa yin babban haɗari. Inji ana sauke shi a ɗora wani, giya ma haka. Shasi in ya tafi, motar ce ta tafi, kuma kai da 'ya'yanka ne za ku kasance a cikinta ranar da zai karye.

Kana nan a ramin, ƙirga farfela. Biyu ya kamata ka gani, ɗaya ta nufi gaba, ɗaya ta nufi baya. Na sha ganin jif a garin nan an cire mata ta gaba, wai don ta rage shan mai, alhali gaskiyar ita ce aksul ɗin gaba ne ya lalace aka rasa kuɗin gyara. Irin wannan suna kawai ta rage, ranar da ka shiga taɓo ƙafa biyu ne za su yi ta juyawa a banza. Kama kowace farfela ka girgiza, kada ta yi kwaram-kwaram. Duba robobin da ke rufe gaɓoɓin ƙafafun gaba, in sun yage giris ya fantsale, yashi ya riga ya shiga. Bakanike ya kwance murfin man aksul na gaba da na baya da na akwatin rabon, ya tsoma yatsa. Man da ya yi fari kamar madara ruwa ne ya shiga, alamar an sha ratsa rafi da ita ba a sauya ba. Wanda ke ƙyalli da garin ƙarfe kuwa haƙora ne suke cinye juna.

Sai gwajin giyar taimako, wadda direbobi ke kira ogizileri. A nan mutane da yawa ke yin sakaci, su zaga kwalta sau ɗaya su dawo su biya. Ku fita bayan gari, wajen Mando ko bayan Rigasa, inda za ku sami turɓaya da ɗan hawa. Tsayar da motar cak, sa giya a N, sannan ka shigar da 4L, wato giyar taimakon. Ya kamata ta shiga ba tare da kokawa ba, motar ta riƙa tafiya a hankali da ƙarfi ko ba ka taka mai sosai ba. Danna makullin tsakiya, wato wanda ke kulle ƙafafun gaba da na baya su juya tare, fitilarsa ta kama ta tsaya. In ta yi ta ƙyaftawa ba ta tsaya ba, bai kulle ba, kuma sau da yawa ƙaramin injin lantarkin da ke kulle shi ne ya ƙage don an shekara ba a taɓa shi ba. Sannan ka fitar, ka tabbata ta fita kamar yadda ta shiga. Kada ka yi wannan gwaji a busasshiyar kwalta. Idan aka kulle gaba da baya, a kwana ƙafafun gaba suna cin tazara fiye da na baya, in ƙasa ba ta ba su damar zamewa ba sai ƙarfen ya murɗe kansa. Wannan ka riƙe shi har bayan ka saya. Daga nan ka murza sitiyari har ƙarshe ka yi da'ira a hankali, hagu da dama. Ƙas-ƙas-ƙas daga gaba gaɓar ƙafa ce ta gaji.

Inji kuma da sassafe ake ganinsa. Ku yi alkawari bayan sallar asuba, ka sa hannu ka ji injin da sanyi kafin a tayar. In ka tarar an riga an ɗumama shi, ka dawo gobe, don inji mai ciwo da safe yake kuka. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, fitilun gargaɗi duka su kama, na inji da na burkin ABS da na jakar iska, sannan su mutu bayan ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, an cire mata ƙwai ne ko an toshe ta. Tsaya a bayan salansa. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne injin ke ƙonawa. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi ruwa ne ke shiga, gaskit ya ƙone ko kan injin ya tsage. Buɗe murfin baƙin mai ka duba cikinsa, kada ka ga farar kumfa. Murfin lagireto ma ka buɗe, amma da sanyi kawai, kada ka kuskura da zafi. In inji yana aiki kumfa na ta tasowa a ciki, ka haƙura da motar.

Akwai wata al'ada a garejojinmu da ba na so, ta cire abin da ke daidaita zafin ruwan inji a haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. Sau da yawa motar da aka yi wa haka ta taɓa yin zafi ne aka ɓoye ciwon maimakon a warkar da shi. Ka tambaya, ka sa a duba.

Ka san irin injin da ke cikin kowace. V6 mai lita 4.0 da sarƙa yake aiki, ba a sauya ta sai ta nuna alama. V8 mai lita 4.7 kuwa, wanda ke cikin wasu 4Runner ɗin, bel gare shi, kuma wajen kowace mil 90,000 ake sauya shi. In babu shaidar ranar da aka sauya, ka ɗauka ba a sauya ba, ka cire kuɗinsa daga ciniki. In Pradon mai gas ce, wato dizal, tsohon injin nan 1KZ mai lita 3.0 yana da juriya, amma an san shi da tsagewar kai idan ya yi zafi. Kuma ko da wani zai kawo maka Nissan Pathfinder ko Xterra na 2005 zuwa 2010 da araha, ka sani a waɗannan shekarun lagiretonsu yakan fashe ta ciki, ruwa ya gauraya da man giya ya kashe ta. Lambar da ke kan agogon tafiya kada ta ruɗe ka, ana mayar da ita baya. Ta Amurka ma da mil take ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Ka fi gaskata robar burki da fatar sitiyari da kujerar direba, su ba a iya mayar da su baya cikin sauƙi. Kuɗin sa ta a kwamfuta kaɗan ne, ka biya a karanta maka.

Ruwa ma ka bincika. Bayan guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017 motoci masu ɗimbin yawa sun nutse a Amurka, aka yi gwanjon su, wasu suka tsallaka teku. A nan gida ma ka san abin da Kogin Kaduna ke yi wa unguwannin bakinsa in damina ta yi nisa. Ɗaga dardumar ƙasa ka shinshina, ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai zanen laka, duba ƙarafan da kujeru ke zamewa a kai. Motar da ta sha ruwa wayoyinta ba sa daina ba da wahala.

Tayoyi huɗun su zama girma ɗaya, don taya mai bambanci tana wahalar da akwatin rabo. A jikin kowace akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2318 mako na 23 ne na 2018. In sitiyarin asalinsa a dama yake aka juyo da shi hagu, ko kyauta aka ba ka ban yarda ba. Tun 1972 ƙasar nan ta koma tuƙi a hannun dama, kuma juyin da ake yi da yanka da walda ba abin da zan ɗora jikokina a kai ba ne.

Takardu kuwa, mota mai lafiya ba tare da su ba ta gwamnati ce ka riƙe mata. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce. Ka karanta ta a gindin gilashin gaba in tana nan, da jikin ƙofa, da wadda aka buga a kan ƙarfen shasin kansa, ka gwada da ta takarda ɗaya bayan ɗaya. In wurin ya nuna alamar goga ko walda, kada ka ƙara minti ɗaya a wajen. A Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, don haka wadda aka ce sabuwar shigowa ce sai ka ga takardar kwastan, kuma ka je ofishinsu da kanka su tabbatar maka an biya, ga su nan a Kaduna. Ka sa 'yan sanda su duba rajistarsu ko an taɓa kai rahoton sace ta. Pradon kuma ka nemi ganin mai sunan da ke kan takarda ido da ido. Ku rubuta yarjejeniya da shaidu, kuɗin ya bi ta banki zuwa sunansa. Allah ma Ya umarce mu a aya ta 282 ta Suratul Baƙara mu kafa shaidu idan mun yi ciniki.

Saura maganar aljihu, kuma ita ce ta fi damuna. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, babbar mota ta zama nauyi ga mai albashi. Ka zauna da matarka ku lissafa man da za ta sha a wata, ku ga ko zai taɓa kuɗin makarantar yara da cefane. Kafin ka biya, ka shiga Panteka da wajen masu kayan gyara ka tambayi farashin shokozoba da lagireto da taya na kowace ɗaya, ka ga wadda kayanta suka fi samuwa. Kuma kada ka zuba duk abin da ka tara a kan saye. Ka bar kaso mai kauri a gefe, don ranar farko za ka sauya duk mayukanta da burki, ƙila da tayoyi. In kuɗin ba zai kai ga haka ba, ka jira bayan girbi.

In ka tambaye ni, zuciyata ta fi karkata ga Pradon, muddin mai ita ɗaya ne kuma ƙasanta ya fita lafiya, don ba ta san gishirin hunturu ba kuma bakanikenmu sun san ta ciki da bai. Amma ban yanke ba sai na gani. Mahaifiyarka ta ce in gaya maka babbar mota tana jan ido a hanyoyin nan, kada ka sa mata baƙin gilashi, kuma ban da tafiyar dare. Ni ma ina bayanta a kan haka.

Ka yi istihara. Ka sanar da ni ranar da za ka taso, in gaya wa baffanka ya ajiye aikinsa na safiyar nan mu je tare, ya fi ni kunnen jin inji yanzu. Ka zo da tsofaffin kaya, don kai ma za ka shiga ramin. Ka gaida mai ɗakinka da yaran. Allah Ya zaɓa maka mafi alheri, Ya yi maka albarka.

Wassalam,
Mahaifinka