Godiya ga ofishin dillalan inshora na kusa da babbar kasuwar Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Na ga ya kamata in fito fili in yi wa mutanen ofishin nan godiya, don wallahi sun bani mamaki.

Babanmu ya haura saba'in, ga hawan jini ga ciwon suga, kuɗin farmasi duk wata sai cinye mu yake, shi ne muka ce bari mu nema masa asirans, wato inshorar lafiya. Wasu wuraren da muka shiga ko kujera ba a ba tsohon ba, suna jin shekarunsa sai fuska ta canza, wani kuma ya miƙo mana takardu cike da Faransanci ƙananan rubutu wai mu sa hannu tukuna bayani daga baya. Haba.

A nan kuwa wata baiwar Allah ce ta karɓe mu, ta tashi ta gaida shi ta ce Baba zauna nan, ta koma Hausa da shi, inda ya ɗan yi shiru ta haɗa da Fulatanci. Ta jera mana kamfani uku da mutuwel ɗaya, wato ƙungiyar taimakon juna, ta nuna wanda ba ya ɗaukar sabon mutum in ya tsufa, wanda ba zai biya ciwon da ka shigo da shi ba, wata nawa za ka jira kafin katin ya fara aiki, da iyakar abin da za su biya a shekara, wannan na ƙarshen babu wanda ya taɓa faɗa mana shi.

Baba ya tambaye ta CSU, wato shirin kula da lafiyar kowa na gwamnatin Kamaru da aka ƙaddamar a 2023, don a rediyo ya ji kamar kowa ya huta. Ba ta ɓoye ba, ta ce akwai cek sante, wato takardar kula da lafiyar masu ciki, sefa 6,000, akwai yara 'yan ƙasa da shekara 5, akwai wankin ƙoda sefa 15,000 a shekara, amma maganinsa na kullum kada ya sa rai. Ƙarshe ma mai arhar ta ce mu ɗauka, alhali da ta tura mu mai tsada ita ce da riba.

Takardun kam an gama ba wahala. Abin da ke ci mini rai, me ya sa sai an yi sa'a kafin a mutunta tsoho a ofis? Wasu in ba ka zo da babbar riga ko Faransanci ba ko kallo ba ka ishe su ba.

Hajiya, Allah ya saka da alheri, ya yi wa zuri'a albarka. Baba ya ce a gaishe ki.