Amsa ga Baban da ya tambaya: me ake nema a idon da ke gani garau?

Assalamu alaikum Baba,

A shirin lafiya na rediyo ka bugo waya ka ce ka daɗe da ciwon suga, amma har yau kana karatun Alƙur'ani ba tabarau, to don me ake matsa maka duk shekara a ɗiga maka magani a leƙa cikin idonka, ka wuni kana gani dishi-dishi? Lokaci ya ƙure ban gama ba ka amsa ba, abin kuwa ya tsaya mini a rai.

Abin da muke leƙawa yana can ƙuryar ido. Wani tantani ne shimfiɗe a bangon baya, ana ce masa retina, kaurinsa bai wuce rabin milimita ba, shi ke karɓar haske. A tsakiyarsa akwai ɗan wuri mai suna makula, faɗinsa kamar milimita 5. Da shi kake rarrabe wasali da ɗigo, da shi kake gane fuskar jikanka. Ta ɓangaren hanci kuma akwai wani ɗan faifai inda zaruruwa fiye da miliyan 1 ke haɗuwa su zama jijiyar gani, su nufi ƙwaƙwalwa. Daga nan ne jijiyoyin jini ke fitowa su bazu kamar rassan kuka. Tun 1851 da Helmholtz, wani Bajamushe, ya fito da madubin leƙa ido, likita na iya kallon waɗannan jijiyoyi ƙuru-ƙuru ba yanka ba tiyata.

Su ne suga ke ci a hankali, Baba. Sai su yi rauni, su kumbura, su riƙa yoyon jini da ruwa. Retina ba ta jin zafi, ba za ta yi maka ƙorafi ba. Muddin ɓarnar ba ta taɓa makula ba, kana iya ci gaba da karatunka lafiya lau alhali aiki na ta gudana a ɓoye. Na sha ganin dattawa da suka zo sai da layin rubutu ya fara karkacewa, kuma a lokacin abin da za mu iya ceto kaɗan ne. Idan an gani da wuri, daidaita suga da hawan jini, wani lokaci da aikin haske mai ƙarfi da ake kira leza ko allurar ido, kan tsare gani.

Maganin ɗigawar nan ƙofar baƙin ido yake buɗewa don mu hango har gefe-gefe. Dishi-dishin kan washe cikin awa 4 zuwa 6. Ranar ka zo da ɗan rakiya, kada ka tuƙa mota ko babur. In babu likitan ido a kusa da kai, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da Asibitin Ido na ECWA a Kano.

Allah ya ƙara lafiya.

Ɗanka, likitan ido