Matatar Gawayi Ba Ta Kashe Ƙwayoyin Cuta

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana kan matatar gawayi da mutane ke ta ɗaurawa a bakin famfo, ko kuma wadda ke zuwa a cikin mazubin ruwa. Ni ma ina amfani da ita, kuma ba zan ce kowa ya daina ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne yadda nake jin iyaye na cewa tun da suka sa ta, ruwansu ya tsarkaka, har suna haɗa wa jarirai madara da shi ba tare da sun tafasa ba.

Gawayin da ke cikin matatar nan ba irin na girki ba ne. Ana yin sa da ɓawon kwakwa ko itace ko kwal, a ƙona ba tare da iska ta shiga ba, sannan a bi shi da tururi a zafin da ya haura digiri 800. Wannan ne ke huda masa ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Da za a shimfiɗa bangon ramukan da ke cikin giram ɗaya kacal na mai kyau, zai iya rufe murabba'in mita 1,000. Wato giram bakwai ko takwas sun kai faɗin filin ƙwallo. Idan ruwa ya ratsa, sai sinadarin kulorin da wari da wasu magungunan feshi na gona su maƙale a jikin ramukan, ruwan ya fito ba ɗanɗano, ba wari. A nan gawayi gwani ne, ba ni da ja.

To amma kulorin ɗin da muke ƙorafi a kansa, shi ne mai gadin ruwan. Tun da birnin Jersey City na Amurka ya fara zuba shi a ruwan sha a 1908, zazzaɓin taifot da kwalara suka ja baya sosai a garuruwan da suka bi sahu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana son ya zamana akwai ragowar aƙalla miligiram 0.2 a kowace lita lokacin da ruwan ya iso wa mai sha. Gawayi na cire wannan ragowa, amma shi ba ya kashe ƙwayar cuta. Idan bututu ya fashe a hanya ƙazanta ta shiga, ƙwayoyin cutar na iya ratsa matatar su wuce, ruwan kuma ya fito garau. Kyan ɗan maciji ke nan.

Akwai kuma abin da ya faru a gidana. Na taɓa barin gawayin matatarmu ya yi wata biyar ban canja ba, saboda ina ganin ruwa na fitowa kamar kullum. Wata safiya ɗiyata ta ce ruwan na wani irin wari. Ruwa ba ya tsami banza, sai na kwance matatar, na tarar da yauƙi ya lulluɓe cikinta. Ashe wuri ne mai laima, ga dattin da gawayin ya tara, ga shi ba kulorin, sai ya zama gidan da ƙwayoyi ke hayayyafa. Har yau idan na tuna yara sun yi makonni suna shan ruwan nan, gabana faɗuwa yake yi. Ramukan gawayi suna cika, kuma in sun cika aikinsu ya ƙare, ba tare da wata alama da za ka gani daga waje ba. Shi ya sa masu ƙera irin na mazubi ke rubuta a canja shi bayan wata ɗaya ko biyu. Ba dabarar sayar da kaya kawai ba ce.

Gawayin ba ya cire gishiri, ba ya cire sinadarin naitiret da ke zuwa daga takin zamani da masai, wanda haɗarinsa ya fi yawa a kan jarirai, tafasawa ma ƙara masa ƙarfi take yi. Dalma kuwa, wadda ke fitowa daga tsofaffin bututu, sai irin matatar da aka yi musamman aka gwada ta don haka. Mai saye ya duba kwalin: lambar NSF 42 (NSF ƙungiya ce da ke gwada ingancin matatu) ta ɗanɗano da wari ce, NSF 53 ita ce ta abubuwan da suka shafi lafiya, kuma ko ita sai an ambaci dalma da suna a jerin abin da take cirewa.

Masu cewa a daka gawayin murhu a zuba a tsumma a tace da shi, ina ba su haƙuri. Ramukansa ba su kai ko kusa da na gawayin matata ba, gawayin murhun da aka dunƙula a masana'anta kuma akan gauraya shi da wasu abubuwa da ba a yi su don sha ba.

Abin da nake yi yanzu kaɗan ne. Ina rubuta ranar da na sa sabon gawayi a jikin matatar. Ba na bin ta da ruwan zafi. Idan mun yi tafiya muka dawo, sai na bar ruwa ya zuba na ɗan lokaci kafin a ɗiba. Ruwan da aka tace ba na barin sa ya kwana biyu a ajiye, tunda mai gadinsa ya tafi. Duk ranar da ruwa ya zo da launi, ko aka ɗauke shi ya daɗe kafin ya dawo, ko kuma na jariri ne, to sai an tace sannan a tafasa ya yi minti ɗaya cur yana ɓararraka.

Malam Edita, ina roƙonka ka tura wakilinka wajen masana ruwa da likitocin yara, a yi mana cikakken bayani a shafinku na lafiya. Masu tallata matatun nan kuma a jaridarka, a nemi su riƙa faɗin abin da ba ta cirewa kamar yadda suke faɗin abin da take cirewa.

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Wani uba, mai karanta jaridarku