Amsa ga Baba, tsohon ma'aikacin reluwe, kan filin tashar jirgin ƙasa ta Gusau

Baba, assalamu alaikum. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

A shirin rediyon da aka gayyace ni makon jiya, inda na kawo shawarar a gyara filin reluwe na Gusau ya zama wurin da jama'ar gari za su riƙa amfana da shi tare, ka bugo waya ka ce a wannan tasha ka yi aiki tun kana saurayi har ka yi ritaya, sannan ka tambaye ni abu biyu. Ka ce shin mun yanke ƙauna ne daga dawowar jirgi, da har muke rabon gadonsa tun bai mutu ba? Ka kuma ce me wanda ya kwana da yunwa zai yi da inuwar bishiya? Lokacin shirin ya ƙure, amsar da na ba ka a gurguje ko ni ba ta gamsar da ni ba, balle kai. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, ya dace a bainar jama'a in amsa ta.

Ina tare da kai a kan cewa ba a yi wa wannan fili kallon juji. Malam Sambo ɗan Ashafa ne ya kafa Gusau tun zamanin jihadi, amma layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa, ya ratsa nan ya tiƙe a Ƙauran Namoda a 1929, shi ne ya mayar da ita cibiyar ciniki. Saboda shi aka riƙa tara gyaɗa da auduga da fatu a nan, saboda shi kamfanonin Turawa suka kafa kantuna, kuma shi ya kawo Yarabawa da Ibo da sauran baƙin da suka cika Sabon Gari, waɗanda jikokinsu ba su san wani gida ba sai Gusau. Masaƙa da wurin gurzar auduga ba daga sama suka faɗo ba, dogo suka biyo. Duk wanda zai taɓa wannan wuri bai san wannan ba, gara ya janye hannunsa.

Amma Baba, ka fi ni sanin dalilin da ya sa filin ya yi wannan faɗi. An yanke shi ne a zamanin jirgi mai tururi, lokacin da kan jirgi ke buƙatar wurin shan ruwa, da wurin jibge kwal ɗin da ake kawowa daga Inugu, da wurin zubar da toka, ga layukan gefe inda taragu ke jiran lodi, ga rumbunan ajiyar buhuna, ga kwatas na ma'aikata. Tun da aka koma kan jirgi mai amfani da man dizal, rabin waɗannan buƙatu suka kau, kuma kakar gyaɗar da ke cika rumbunan ta riga ta zama labari. Ko gobe jirgi ya dawo yana zuwa safe da yamma, abin da zai nema shi ne layinsa, da dandamalin fasinja, da 'yan layukan gefe, da tazarar da za ta kare mutane daga haɗari. Ragowar ba zai waiwaye ta ba.

Akwai kuma wani abin lura. Dogonmu na nan ƙarami ne, faɗinsa milimita 1,067, alhali sabbin layukan da gwamnatin tarayya ke shimfiɗawa, kamar na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da na Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021, faɗinsu milimita 1,435 ne. Da sabon layin ya iso Kaduna, ba tsohuwar tasha ya shiga ba, a Rigasa aka gina masa tasa. Ban faɗi haka don in kashe maka gwiwa ba, ni ma ina fatan in sake jin kukan jirgi da asuba kamar yadda na ji ina yaro. Na faɗa ne don mu san cewa jiran jirgi ba hujja ba ce ta barin fili haka nan.

Abin da ya fi damuna, kuma shi ne ainihin amsata gare ka, shi ne cewa fili a tsakiyar babban birnin jiha ba ya zama haka kawai yana jira. Tun da aka ƙirƙiro Zamfara a 1996 Gusau ke kumbura, kuma rashin tsaron shekarun nan ya ƙara koro mutane daga ƙauyuka zuwa cikinta, har ƙasa ta yi tsadar da iyayenmu ba su taɓa mafarki ba. A irin wannan hali, wurin da ba kowa ke kallonsa a matsayin nasa ba, da kaɗan-kaɗan ake cinye shi: yau rumfar kwano, gobe a ɗora bulo layi uku, jibi a zuba dakali a sa ƙofar ƙarfe, shekara biyar sai ka tarar da jerin shaguna da ba mai iya rushewa sai da kotu da kuka. Bishiya da filin ƙwallo da rumfar da ake kwancewa ba sa hana a shimfiɗa dogo, cikin mako guda za a kawar da su. Ginin siminti da takardar mallaka su ne ke hanawa. Saboda haka idan da gaske muna son jirgi ya dawo ya tarar da mazauninsa, hanyar da na sani ita ce a sa dubban mutane su saba da wurin, su ɗauke shi nasu, ta yadda duk wanda ya zo da igiyar awo da niyyar yanka fuloti zai tarar da idanu a kansa.

Ba ni na ƙago wannan ba. A Amurka, tun 1983 akwai dokar da ta ba da damar a mayar da layin dogon da aka daina amfani da shi hanyar tafiyar ƙafa, bisa sharaɗin cewa hanyar na nan a matsayin ajiya, ranar da jirgi ya buƙace ta a mayar masa. A Balin ta ƙasar Jamus akwai wata tsohuwar tashar haɗa taragu da aka rufe a 1952, itatuwa suka tsiro a tsakanin layuka har ta zama kurmi, mazauna unguwar suka tsaya tsayin daka aka bar ta, aka buɗe ta ga jama'a a 2000, da hasumiyar tankin ruwanta da tsohon kan jirgi duk a ciki. A wani filin kuma na birnin, mai suna Gleisdreieck, wanda aka fara buɗewa a 2011, jirage na wucewa ta tsakiya a bayan shinge, yara na wasa a gefe. Wannan na biyun shi ne ya fi kama da abin da nake nufi. Wanda ake yawan nuna mana hotonsa kuwa, wato High Line na birnin Niyok a Amurka, tsohon layin dogo a kan gada da aka mayar wurin shaƙatawa aka buɗe a 2009, ba na son mu kwaikwaye shi: ya yi kyau a ido, amma ya ci maƙudan kuɗi, kuma kuɗin haya a kewayensa ya yi tashin da masu ƙaramin ƙarfi da yawa suka kasa zama.

Wannan ya kawo ni ga tambayarka ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi. Idan abin da ka fahimta daga maganata shi ne ciyawar Turawa da ake shayarwa da ruwan famfo a garin da mata ke bin 'yan ga-ruwa, da ƙofa mai tikiti, da maɓuɓɓugar ruwa ta ado wadda za ta mutu bayan wata uku da yanke ƙyalle, to laifina ne da ban yi bayani ba, kuma da ni ne a matsayinka da na fi ka fushi. Wanda ya ratsa filin ya san ba kango ba ne zalla. Akwai masu neman abinci a gefensa, akwai samarin da ke buga ƙwallo da la'asar, akwai awakin unguwa, akwai hanyoyin ƙafa da mutane suka fitar da kansu don yanke nisa. Tsarin da zan amince da shi daga waɗannan zai fara, a ƙirga su, a zauna da su, a san wa ke yin me kuma a ina, kafin a ja layi ko ɗaya a takarda. Hanyar da ƙafafun mutane suka riga suka zana ita za a gyara, ba wata sabuwa da mai zane ya ga ta yi masa kyau ba. Tsofaffin rumbunan ajiya, inda gininsu ke da sauran ƙarfi, su zama wurin koyon walda da kafinta da ɗinki da gyaran waya, ɗaya kuma a ware shi a tara hotuna da fitilu da tutocin ba da hannu da kayan aikin da irinku kuka riƙe, don yaran da ba su taɓa ganin jirgi na tafiya ba. Mata masu ƙosai da fura da awara su sami rumfuna da ruwa da makewayi, a kuma keɓe wa mata da ƙananan yara sashensu, domin idan ba a yi haka ba, ka san garinmu, wurin zai zama na maza kaɗai.

Ita ma inuwar da ka raina, Baba, ba ta masu ƙoshi ba ce. Mai kuɗi yana da na'urar sanyaya ɗaki da janareta. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗan acaɓa da mai turin baro da almajiri da matar da ta gudo daga ƙauye da 'ya'yanta su ne ke neman gindin bishiya su rasa. Kuma ba kowace bishiya nake nufi ba. Dogon yaro na da saurin girma kuma dabbobi ba su cika damunsa ba, shi ya sa za a fara da shi, amma a cakuɗa da tsamiya da maɗaci da kanya da ɗorawa da kuka, waɗanda suka san ƙasar nan, waɗanda idan aka raine su shekara biyu ko uku aka kare su daga awaki, ba sa ƙara neman komai a hannun kowa. A bar musu tazara daga dogo saboda saiwa da faɗuwar rassa. Inda ƙasa ta yi kwari kuma kada a cike shi, a bar ruwan damina ya taru ya nutse a nan maimakon ya bi lambatu ya shiga gidajen mutane.

Sai dai akwai abin da ba zan yarda a tsallake ba ko da za a fasa aikin gaba ɗaya, wato gwajin ƙasa. Filin jirgi wuri ne da aka shafe shekaru ana zubar da tokar kwal da baƙin mai da dizal da ruwan batir, kuma inda aka yi amfani da katako a ƙarƙashin dogo, an jiƙa shi da maganin hana gara wanda shi ma guba ne. Waɗannan abubuwa ba sa tafiya don ciyawa ta rufe su. Mu a Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani ba, domin a 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma daga ƙasar tsakar gida da suke rarrafe a kai suka kwashe ta. Maganin da aka yi a can shi ne a kankare ƙasar sama a binne ta a wuri mai tsaro, a zubo sabuwa. Ban ce abin da ke filin reluwe ya kai wancan ba, tushensu ma daban ne, amma kafin a ce yaro ya zauna a ƙasa, ko a shuka alayyafo da latas da za su shiga tukunya, sai an ɗebi ƙasa daga wurare daban-daban an kai ɗakin gwaji, an kuma karanta wa jama'a sakamakon a rediyo. Inda aka tarar da gurɓata a rufe shi da daɓe ko a canza ƙasar, lambu kuma a yi shi a can nesa.

Batun wanda ke da filin gajere ne. Na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne, wadda aka kafa a 1955, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, duk da ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, ba ta haɗa da filayen gwamnatin tarayya da hukumominta ba. Ko gyaran tsarin mulki na 2023, wanda ya ba jihohi damar shiga harkar jirgin ƙasa, bai mayar da filin na jiha ba. Don haka ba ƙwace nake kira a yi ba, kuma ba sayarwa ba. Haya nake nufi, ta shekaru ƙididdigaggu, a rubuce, da sharaɗi a sarari cewa ba za a yi ginin dindindin a kan layi da tazararsa ba, kuma ranar da hukumar ta buƙaci wurinta za a tashi.

Ban manta da fargabar da wasu suka nuna bayan ka ajiye waya ba, cewa wurin zai koma mafakar 'yan shaye-shaye. Duhu da kaɗaici ne ke jawo su, kuma duka biyun akwai su a yanzu. Fitilun sola, da lokacin rufewa bayan sallar isha'i, da kwamitin da ya ƙunshi masu unguwannin da ke kewaye da limamai da shugabannin coci da wakilan masu sana'a, wanda zai riƙa karɓar ɗan kuɗin rumfa yana biyan masu gadi da masu shara, sun fi katanga amfani. Ina kuma so a ce tsofaffin ma'aikatan reluwe suna da kujera a wannan kwamiti, ba don karramawa kawai ba.

Dalilina shi ne akwai abin da taswira ba za ta gaya mini ba. Ba ta san inda kuke juye baƙin mai ba, ba ta san inda tankin ruwa ya tsaya ba, ba ta san kwalbatin da aka binne ba, ko wurin da ruwa ke kwanciya a watan Agusta. Kai ka sani. Idan lafiya ta ba ka dama, ina roƙon ka bar saƙo a gidan rediyon ka sa mini rana, da sanyin safiya, in zo da takarda da biro mu zaga filin tare tun daga bakin tasha, ka nuna mini wuraren da za a fara ɗibar ƙasar gwaji.

Wassalam.

Ɗanka, mai aikin tsara birane, daga Tudun Wada, Gusau.