Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Magoya Bayan Ƙwallon Ƙafar Sudan

Assalamu alaikum iyayenmu dattawan ƙungiya, 'yan'uwa maza da mata, da matasanmu.

Wannan shekara ce ta uku da muke tafiyar da ƙungiya daga Gadarif maimakon Omdurman. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF, Hausawan da ke cikin ƙungiyar nan suka watsu, wasu Kassala, wasu Port Sudan, wasu wurin dangi a Mai Wurno, wasu kuma sun ƙetare iyaka. Waɗanda muka rasa a bana, Allah Ya jiƙansu da rahama, Ya ba iyalansu haƙuri.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne gidan kallo. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Sudan, wadda aka kafa tun 1936, wadda kuma da ita aka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, a Khartum a 1957, yau ba ta da filin da za ta karɓi baƙi a cikin ƙasarta. Wasanninmu na gida a Benghazi ta Libiya ake yawan buga su, can muka ci Ghana 2-0 a Oktoban 2024 a kan hanyar zuwa gasar cin kofin Afirka. Tunda ba mai iya bin 'yan wasa can, sai muka kawo su tsakar makarantar da 'yan gudun hijira ke zaune. Da karo-karonku muka sayi faifan sola da batir, muka huta da neman man janareto, talabijin kuma wani dattijonmu ne ya ba mu aro.

Daren 12 ga Agusta ba zai fita ranmu ba. A gasar CHAN ta 'yan wasan da ke buga ƙwallo a gida, Sudan ta ci Najeriya 4-0 a Zanzibar. Tabarmi suka cika, yara suka hau katanga, wata baiwar Allah mai sayar da shayi ta bar tukunyarta a kan wuta har ruwan ya ƙone. Da aka tashi, wayoyi suka yi ta ƙara daga Kano da Sakkwato, dangi na yi mana barka da muryar da ba ta ɓoye zafin kayen ba. Daga nan yaran kocinmu Kwesi Appiah suka fitar da Aljeriya da bugun fenareti, kafin Madagaska ta tsayar da su a wasan kusa da na ƙarshe. A Disamba muka sake shimfiɗa tabarmi don gasar cin kofin Afirka a Maroko, inda muka ci Equatorial Guinea 1-0, nasararmu ta farko a gasar tun 2012, muka tsallake rukuni, sannan Senegal ta fitar da mu da ci 3-1. Wanda ya riƙe ƙungiyar ƙasa ta kai nan alhali gida na cin wuta, ya cancanci a ce masa sannu da aiki, kuma kwamiti ya rubuta wasiƙar yabo da sunanku.

Sai dai akwai abin da ke damunmu, kuma mun sa shi a wasiƙar. Manyan kulob ɗin ƙasar, Al Hilal da Al Merrikh, sun samu mafaka, sun buga kakar 2024/2025 a gasar Muritaniya, a kakar 2025/2026 kuma suka koma Ruwanda. Ƙananan kulob na unguwanni ba su da inda za su je, alhali daga cikinsu ake samo 'yan wasan gobe. Shi ya sa muka yi murna ƙwarai da gasar da hukumar ta shirya a watan Yuli a garuruwan Atbara da Ad-Damar, wadda Al Hilal ta lashe. Wasu matasanmu sun haɗa kuɗin mota sun je Atbara, suka dawo suna ba da labarin yadda mutane suka cika fili don ganin ƙwallo da idonsu bayan shekara biyu. Roƙonmu ga hukumar shi ne irin wannan gasa ta sauko har matakin matasa a jihohin da hankali ya kwanta.

Kafin hakan ta samu, mun ci gaba da atisayen yara bayan La'asar, sau uku a mako. Yawancinsu ba takalmi. Ƙwallayenmu sun sha ɗinki har mai gyaran takalma na bakin kasuwa ya daina karɓar kuɗinmu, ya ce ladan ya ishe shi. Akwai yaron da ya zo mana daga Wad Madani ba ya magana da kowa, ko ƙarar babur ya ji sai ya durƙusa. Yanzu shi ke tsaron raga, kuma muryarsa ta fi ta kowa tashi a fili. Mun so buɗe rukunin 'yan mata a bana, ba mu samu mai horarwa mace ba, don haka mun ɗaga zuwa baɗi.

Mambobin da suka koma Wad Madani da Khartum bayan sojoji sun karɓe garuruwan a farkon shekara sun nemi mu taimaka a gyara filayen unguwa. Kwamiti ya amince, da sharaɗi ɗaya: kada yaro ya taka fili sai masu aikin kwance nakiyoyi sun duba shi, domin harsasai da bama-baman da ba su fashe ba suna nan cikin ƙasa. Don Allah iyaye a kula da wannan.

Batun asusu, kuɗin wata-wata ya ja baya sosai, kuma mun san dalili. Kwamiti ya yafe bashin duk wanda ya rasa sana'arsa. Gudunmawar 'yan'uwa da ke Saudiyya da Masar ce ta riƙe mu, Allah Ya saka musu da alheri. Ma'aji zai karanta lissafin shiga da fita dalla-dalla a taron shekara, ranar Juma'a mai zuwa bayan La'asar a harabar makaranta. Wanda ke nesa ya turo ra'ayinsa ta zaurenmu na WhatsApp kafin ranar Alhamis, a kuma zo da sunayen waɗanda ake so su shiga sabon kwamiti.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin zartarwa